Inda Yatsunki Suka Tsaya

Zuwa ga Mama Rifkatu, wadda duk Jambutu ta sani da Maman Tafireta,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki Hannatu da maigidanta da jikoki. Yaya sanyin Jos? Yaya kuma idon? Mu nan Jimeta lafiya lau, sai zafin da kika sani, wanda har yau bai yi ritaya ba. Ni ce Falmata, malamar firamare, mai rubutun hannun da kike cewa sai an yi masa addu'a kafin ya karantu.

Na san idonki ya daina karatu, waya kuma ba ki taɓa ɗaukarta da daraja ba. Shi ya sa na sa wasiƙar a shafina na intanet, inda Hannatu ta yi mini alkawarin za ta zauna ta karanta miki ita daga farko har ƙarshe. Mutane za su leƙa. Su leƙa, ai ya kamata a san ki.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya wata mujalla ta aiko cewa za ta buga labarina. Karo na farko ke nan cikin sama da shekara goma da nake aikawa ana dawo mini da shi. Sai dai editar ta sa sharaɗi ɗaya, wato in canza shafin ƙarshe, ta kuma ba ni zuwa Juma'a. Labarin kuwa kin san shi, na Goggo Asta ne. Zan gaya miki abin da na yi, amma ki bar ni in biyo ta nesa kamar yadda na saba, duk da na san za ki ce gabatarwata ta cika tsawo.

Ranar da na fara shiga shagonki, littafin rubutu irin na 'yan aji huɗu ne a ƙarƙashin hijabina, ina ɓoye shi kamar na sato. Kina gaban kwamfuta, tsohuwar tafiretarki ta sakateriya na gefe an lulluɓe ta da ɗankwali. Shekarun da kika yi kina buga takardun gwamnati ba su bar hannunki ba, domin kina dukan madannan kwamfutar da ƙarfin da kike dukan tafireta, har mai awo na shagon gefe ya san lokacin da kika fara aiki. Kika tambaye ni ko takardar neman aiki ce ko ta ƙorafi. Na ce labari ne. Kika ce na wa? Na ce ba na kowa ba ne, ƙirƙira na yi. Kika dube ni ta saman tabarau, kika ce ke ba ki taɓa ganin labarin da ba na kowa ba, kika miƙo hannu.

Ba ki taɓa ce mini labarina bai yi kyau ba. Yatsunki ne ke faɗa. Idan rubutu na tafiya daidai, leɓɓanki na motsi, yatsu na gudu, ba kya ko ɗaga kai. Da an zo inda na yi ƙarya sai shagon ya yi tsit. Na zo na fi tsoron wannan shirun fiye da duk wata amsa da wani edita zai aiko.

Kin tuna budurwar nan ta wani labarina da na zaunar a bakin taga tana shan kofi tana kallon ganye na zuba? Na kwaso ta ne daga mujallun waje da nake karantawa a waya, a zatona haka ake rubutu in ana so a shiga sahun manya. Yatsunki suka tsaya a layi na biyar. Kika ce, "Wannan yarinya, a wane gari yake?" Na ce Jambutu. Kika ce, "To wa yana ɗiba mishi ruwa?" Na koma gida a fusace. Washegari na dawo da yarinyar tana jiran mai kura da jarkoki biyu, kika buga shafi huɗu ba ki tsaya ba.

Sai kuma fayil. Ni a ganina in an danna an aika, magana ta ƙare. Ke kuwa kin ce a ofis babu takardar da ke fita ba a bar kwafinta ba. Kika buɗe mini koren fayil mai igiya, kika rubuta sunana a kai da manyan baƙaƙe, abin da ko a makarantar da nake koyarwa ba a yi mini ba. Duk labarin da ya fita, kwafinsa na ciki. Duk amsar da ta zo, ki fitar da ita a firinta, ki huda, ki sa mata lamba da jan biro.

Amsa ta farko layi biyu ce, suna godiya, suna ba da haƙuri. Na laɓe bayan injin kwafi na sha kukana. Ba ki rarrashe ni ba. Kin jira na gama, sannan kika ce tunda sun amsa ai sun karanta ke nan, kuma takardar da aka amsa ta fi wadda ta ɓace a hanya. Kika tambaye ni wace mujalla ce ta gaba. Na ce sai na huta tukuna. Kika ce, "Takarda ba ya kwana a tebur." Kafin la'asar labarin ya sake fita.

Akwai kuma waɗanda ba sa amsawa sam, kuma su suka fi yawa. Wata mujallar ma sai da muka yi wata takwas muna jira kafin mu gane ta riga mu gidan gaskiya. Irin waɗannan ba kya sa musu jan biro. Fensir kike ɗauka ki rubuta haruffa uku a kusurwa, K.I.V., kika ce mini a sakateriya ma'anarsa a ajiye a sa ido, ba a rufe ba, ba a kuma manta ba. Ina yi miki dariya ina cewa rabin rayuwata K.I.V. ce, ke kuma ki ce ta kowa ma haka take.

Sai shekarar nan ta zo, da mutanen Mubi da Michika da Madagali suka cika Jimeta suna gudun hijira, wasu a bayan tirela, wasu da ƙafafu a kumbure. Babana, da yake shi ma iyayensa tasowa suka yi daga Borno, ya buɗe zauren da yake karantarwa da ɗakuna biyu. Harabar cocinku ma ta cika. Ke kuma kika ajiye aikin 'yan neman aiki gefe, kika koma buga sunayen waɗanda ake nema. Mutum ya zo ya faɗi sunan nasa da garinsu da alamar da ke jikinsa, ki buga kyauta, ki manna a ƙofar shago. Ba ki taɓa tambayar kowa inda yake ibada ba. Ƙofar ta cika, kika koma bango.

A lokacin ne mujallu da masu gasa suka tuna da mu. Waɗanda ba su taɓa amsa mini ko da layi ɗaya ba suka shiga neman muryoyi daga Arewa maso Gabas. Ba zan ɓoye miki ba, Mama, a cikin tausayin da nake ji har da wata 'yar murna mara kyau, cewa ga ƙofa ta buɗe mini.

Goggo Asta na cikin waɗanda suka sauka a gidanmu. Ba mu haɗa komai da ita ba, Goggo kawai muke ce mata. Muna ɓarar gyaɗa wata rana ta ba ni labarin mijinta, Bappa Hammadu, mai sayar da maganin dabbobi. Sun fito da gudu tare, sun yi nisa, sai ya tuna ya bar awakinsa a ɗaure. Ya ce ba zai bar su su mutu da ƙishi a turke ba. Ya ce ta jira shi a gindin wata tsamiya, yanzu zai kwance su ya dawo. Ta jira har rana ta yi sanyi, mutane suka ja ta suka tafi. Tun daga ranar ba ta sake jin ɗuriyarsa ba.

Ban nemi izininta ba. Kwana uku na yi ina rubutu, na canza sunaye, na canza gari, na ce shi ke nan ya zama nawa. Akwai wata babbar gasa da za a rufe ranar Juma'a da ƙarfe huɗu. A shafin ƙarshe na sa aka tsinci mutumin kwance a gindin turke, igiyar a hannunsa, awakin sun tsira. Ni da na rubuta sai da na yi hawaye. Na tabbata da wannan shafin zan ci gasar.

Na kawo miki da safiyar Juma'ar. Kika buga shafi tara ba ki ɗaga kai ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ina tsaye a bayanki, har na fara tunanin kayan da zan sa ranar karɓar kyauta. Kika juya shafi na goma, kika buga layi biyu, sai shagon ya yi tsit.

Kika cire tabarau kika ajiye. Kika ce, "Wa ya ga gawan?" Na ce Mama, ƙagaggen labari ne, ai na canza suna. Kika nuna mini ƙofa da haɓa, kika ce ke da hannunki kika buga sunan mutumin nan, yana nan a layi na uku, da ɗingishinsa da tabon ƙunar da ke bayan hannunsa. Sannan kika faɗi maganar da har yau take kunnena, da "kai" ɗin nan naki da kike ce wa mace da namiji: "A ofis ba a rufe fayil na mutum sai an kawo takardan mutuwa. Kai, wa ya ba ka takarda?"

Kika ce ba za ki aika ba sai mai labarin ta ji shi, domin takarda ba ta fita sai mai ita ya gani. Ni kuma na gaya miki abin da bai kamata 'ya ta gaya wa uwa ba. Na ce aikinki bugawa ne, ba gyara ba. Na ce shekarunki a sakateriya ba su sa kin san adabi ba. Akwai wani shagon a bakin titi, da na so da na kwashi littafina na tafi can. Har yau ban san abin da ya riƙe ƙafata ba. Ina jin ganin da na yi ne kin kashe janareta, kin ɗauki jakarki, kin sa kwaɗo a shago da rana tsaka, ga mutum uku na jira a benci.

Lokacin Goggo Asta ta koma Damare, wajen wani ɗan garinsu da ya ba ta gefen gona. Muka hau keke napep muka haye gada, ke a gefe guda ni a gefe guda. Muka same ta a inuwa tana sussukar dawa. Kika kifa turmi kika zauna, kika ce mini in karanta.

Na karanta. Ta yi dariya inda na kwatanta yadda yake faɗa da rediyonsa in labarai ba su yi masa daɗi ba, ta ce wallahi haka yake. Ta gyara mini launin hularsa. Da na zo shafin ƙarshe na daure na karanta shi har ƙasa. Ta ajiye dawar da ke hannunta. Sannan ta ce, "'Yata, in kin san inda yake kwance, ki tashi ki kai ni. Ni ban yi takaba ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ita kuwa ba ta ma yi fushi ba, wani abu ne ya dame ta daban. Ta tambaye ki ko mutane da yawa ne ke karanta irin wannan takarda. Kika ce in an buga, har a garuruwan da ba ta taɓa ji ba. Sai ta ce to ai in na kashe shi a ciki, duk wanda ya karanta zai daina dubawa. Ta roƙe ni in mayar da ɗingishin da tabon hannun, waɗanda na cire don na ga ba su ƙara wa labarin kyau. Ta ce masu karatu suna da yawa, wataƙila wani ya gan shi a wata tasha.

Ƙarfe huɗu ta same mu a kan gada, a layin shingen bincike. Na duba waya, na kife ta a cinya. Ke ma kin gani. Da muka sauka kika saya mini gasasshiyar masara, na karɓa ban gode ba.

Ranar Litinin na kawo sabon shafi. Matar na tsaye a bakin titi, mota ta tsaya, kowa na duban fuskokin masu saukowa, ita tana duban ƙafafunsu. A nan labarin ya tsaya. Kika buga shi har ƙasa ba ki ɗaga kai ba, kika huda, kika sa a fayil, kika ɗauki fensir kika rubuta haruffan nan uku a kusurwa.

Mako biyu na yi ina gaishe ki a daƙile. Daga baya muka koma kamar da, kika ci gaba da buga mini, ni kuma na ci gaba da yi kamar ban faɗi abin da na faɗa ba. Ban taɓa ba ki haƙuri ba. Yau ina ba ki, a gaban duk mai karanta wannan. Ki yafe mini, Mama. Na karanta littattafai da yawa kan yadda ake rubuta gajeren labari, na shiga taruka ta waya da marubutan da ake ji da su, amma ban ga wanda ya san aikin nan kamarki ba, ke da ba ki taɓa kiran kanki komai ba sai mai buga takarda.

Da idon ya ƙi, Hannatu ta zo ta ɗauke ki, kika ba ni fayil ɗin da abin huda takarda da jan biron. Shagon yanzu kayan waya ake sayarwa a ciki, an yi wa ƙofar fenti. Na sayi tawa kwamfutar, ina buga abina da yatsu huɗu. Duk labarin da na gama sai na karanta shi da ƙarfi ni kaɗai, ina sauraron inda za ki tsaya. Wani lokacin ina ji, wani lokacin kuma na san ina yi wa kaina sassauci. Labarin Goggo Asta ya zaga inda ya zaga, yana dawowa. Fayil ɗin ya yi kauri har igiyar ba ta kaiwa, sai da na ƙara mata tsumma.

To, mu dawo kan editar nan. Mutuniyar kirki ce, ta yaba labarin da kalmomin da na karanta sau ba adadi. Ta ce matsalarsa ɗaya, ya bar mai karatu a tsaye. Ta ce ko dai mutumin ya dawo, ko a san ya mutu, duk wanda na zaɓa ta yarda. Ba zan yi miki ƙarya ba, na rubuta duka biyun. Tsohon shafin nan na turke yana nan a kaina, ban manta ko kalma ɗaya ba. Na ce wa kaina shekaru sun ja, wa zai sani? Na ce in kuma na dawo da shi gida ai alheri na yi mata. Na kusa arba'in, Mama. Ɗaliban da na koya wa haɗa baƙi wasunsu sun ga sunansu a mujalla, ni ban ga nawa ba. Ina so, ina so ƙwarai.

Ranar Laraba da aka tashi makaranta na hau keke na haye gada. Goggo Asta ta tsufa, amma tana nan da ƙarfinta, tana noma gyaɗa da ɗan wake. Tana da awaki huɗu yanzu. Maƙwabciyarta ta tare ni tun a hanya da ƙorafi, wai awakin sun addabi kowa, an yi magana an gaji, matar nan ta ƙi ɗaure ko ɗaya. Na shiga gidan na duba, babu turke.

Ta ba ni ruwa, ta tambayi Babana, ta tambaye ki. Sannan ta ce, "Takardar nan ta fita kuwa?" Na ce saura kaɗan. Ta ce, "Kin dai sa ƙafar?" Na ce na sa, da tabon hannun. Ta ce madalla. Na je ne da niyyar in tambaye ta ko za ta yarda in dawo da shi a labarin, tunda ba kashe shi zan yi ba. Ina zaune a tabarmarta na gane cewa wanda aka ce ya dawo ma ba mai sake dubansa a tasha. Ban yi tambayar ba, na shanye ruwana na yi mata sallama.

Ranar Alhamis na rubuta wa editar. Na ce ta cire duk abin da take so, ta canza take, ta rage zancen rediyon, amma shafin ƙarshe ba nawa ba ne da zan taɓa, domin mai shi tana nan da rai kuma tana jira. Jiya amsarta ta zo. Ta ce ta fahimta, ta kuma girmama hakan, amma ba za su iya bugawa a haka ba, tana yi mini fatan alheri.

Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba, ga shi babu injin kwafin da zan laɓe a bayansa. Da na gama na je bakin titi aka fitar mini da amsar, na huda, na sa mata lamba da jan bironki. Kafin la'asar labarin ya fita zuwa wata mujallar.

Abu ɗaya nake roƙo. Na tura wa Hannatu labarin gaba ɗaya, shafi goma. Ta ce mini har yanzu in ana yi miki karatu yatsunki na bugawa a kan gwiwa, ko a coci ma. Ki bar ta ta karanta miki shi a hankali, ta riƙa kallon hannunki. In sun tsaya, ta gaya mini a wane layi, zan gyara. In kuwa sun kai ƙasan shafi na goma, to ni an buga ni.

Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya sanyaya miki idon, Ya saka miki da alherin da kika yi wa waɗanda suka tsaya a ƙofar shagonki da suna a bakinsu. Allah Ya yi wa Hannatu da zuri'arta albarka. Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Bappa Hammadu kuma, da duk na layin da ke sama da shi da na ƙasa da shi, Allah Ya bayyana su ga masu jiransu. Amin.

Taki har kullum,
Falmata, Jambutu.

Kwafi ɗaya yana cikin fayil.